Kujerun 'Yar Italiya

Ranar wata Laraba ce cikin bazarar shekarar 1975. An sallame mu daga makarantar allo bayan la'asar, muna tafe muna tsalle daga inuwa zuwa inuwa saboda ƙasa ta yi zafin da ƙafa ba ta iya tsayawa a kanta, sai muka ji ihun yara daga bakin layinmu a Minanata. Na ruga da allona a hammata. Wata tifa ce mai ɗaukar yashi take tafiya a hankali kamar mai rakiyar mara lafiya, ta jawo wata 'yar mota da igiya. Ban taɓa ganin mota irinta ba. Gajeruwa ce ƙwarai, ko ƙugun babban mutum ba ta kai ba, hancinta dogo, kujerunta biyu kacal, ba ta da rufi sai wasu ƙarafa da tsumman tamfol ke reto a jikinsu. Fitilarta ɗaya ta fashe, fentinta ya koɗe ya koma kalar tsohuwar tukunya, kashin kaji ya bushe a kan bonet. A gefenta kuwa mahaifina ne yake tafe a ƙasa, hannunsa ɗaya bisa ƙofarta, fuskarsa tana haske kamar wanda aka yi wa albishir da kujerar Makka.

Alhaji Bawa mai hatsi, maƙwabcinmu, yana zaune bisa tabarma a ƙofar gidansa, ya ɗago kai ya ce, "Mamman, ina za ka da gawagga? Maƙabarta ai ba ta nan take ba." Aka yi dariya, Baba ma ya yi. Aka tura motar cikin rumfar zana da ya kafa a jikin zaurenmu, ya kore mu da hannu, sannan ya tsaya yana kallonta har aka kira magariba. Daga ranar ta samu suna biyu. Mutanen unguwa suna ce mata Gawar Mamman, mu a gida muna ce mata 'Yar Italiya.

Shekarun nan ne da kuɗin mai suka cika gari. Sababbin motoci suna shigowa Sakkwato da ledarsu a jikin kujeru, malaman makaranta suna hawa babura masu ƙyalli, kowane zaure da rediyonsa, kuma abu in ya lalace ba a cika gyara shi ba, sai a jefar a sayi wani. Baba bakanike ne, yana da gareji a bakin Sama Road, aiki ya yi masa yawa har yana mayar da wani. Shi ya sa babu wanda ya gane abin da ya kai shi bayan wani gida a Gidan Dahala ya sayo motar da ta zama ɗakin kaji. Sai a hankali na tsinci labarin, gutsure-gutsure, daga hirarsa da Inna. Tun yana saurayi, kafin yaƙin basasa, wani injiniyan hanya ɗan Italiya ya zo da motar nan sabuwa ful. Baba ne yake wanke ta, a jikinta ya fara riƙe sifana, a cikinta ya fara jin yadda iska take dukan fuska. Da yaƙi ya tashi baturen ya tafi, motar ta shiga hannu daban-daban, kuma kowane hannu ya bar mata tabo. Wani ya shafe ta da koren fenti, wani ya ɗaura mata hon na babbar mota, wani ya yanke salansarta ya liƙa mata bututun famfo. Ni dai a zuciyata 'yar sarki ce da aka sace daga ƙasarsu aka mai da ita baiwa, kuma Baba ne ya zo cetonta. Daga baya da na girma na fara cinye littattafan soyayya na kasuwa, duk jarumin da na karanta sai in ga bai kai Baba ba, don shi ya jira masoyiyarsa ba tare da ta taɓa ce masa uffan ba.

Abokan sana'arsa sun so su sauƙaƙa masa. Suka ce ya cire injin ya dasa na motocin Faransa da suka cika gari, kayansu ko a kasuwar ƙauye ana samu, kafin wata ya mutu tana bisa titi. A nan ne, gaban makanikai a garejinsa, Baba ya yi rantsuwar da ta ɗaure gidanmu. Ya ce, "Wallahi ba ta taka kwalta sai ta koma yadda masu ita sunka ƙera ta. Ko kusa guda ta wata mota ba ni sa mata." Labarin rantsuwar ya riga shi isowa gida. Inna tana tankaɗe ta ji, ta ajiye rariya ta ce, "To, Allah shi ba mu haƙuri."

Haƙurin kuwa an yi shi. Damina ta sauka, rediyo ya kama kiɗan soja aka ce an canza gwamnati, gero ya yi, aka girbe, wata bazarar ta zagayo, 'Yar Italiya tana nan cikin rumfa a warwatse. Ni ce babba a ɗakinmu, ina aji biyar a firamare, don haka aikina bai ƙarewa. In share tsakar gida da safe, in ɗebo ruwa daga famfon unguwa, in kai niƙa, in ba awaki dusa, in goya ƙanena har ya yi barci. Amma da zarar na ji ƙarar keken Baba da yamma sai in san yadda na yi na sulale zuwa rumfa, ko da ƙawayena sun kafa gaɗa a dandali suna ƙwala mini kira. Ya ba ni aikin wanke kusoshi da kalanzir a cikin gwangwanin madara, in goge su da tsohon buroshi, in jera su bisa buhu. Hannuna ya riƙa warin kalanzir har malamarmu ta tambaye ni ko tallansa nake yi. Kayan gyara kuwa sai an yi musu dogon jira. Wasu direbobin manyan motoci ne suke zuwa da su daga Ikko a naɗe cikin jarida. Wasu kuma Baba yakan hau motar haya ya tafi can wajen Mafara, inda Italiyawa suke aikin madatsar ruwa, ya yi ta zane a ƙasa da tsinke yana kwatance da hannu har su gane abin da yake nema, su aika ƙasarsu a kawo. Kafireta biyu gare ta, ya sha gaya mini, kuma sai sun yi numfashi tare kamar tagwaye.

Asalin launinta a cikin murfin but muka samo shi, wurin da rana ba ta taɓa gani ba. Baba ya kankare koren fentin da bakin reza a hankali, sai ga wani ja ya leƙo, ja mai zurfi kamar an jiƙa zoɓo an bar shi ya kwana. Ya kira Inna ta zo ta gani, ita da ba ta taɓa shiga rumfar ba. Ranar da injin ya tashi kuwa kajin unguwa duk suka watse, ƙanena ya fashe da kuka, mata suka leƙo ta kan katanga. Ba irin kukan sauran motoci ba ne, wani gurnani ne mai taushi da yake shiga ƙirji. Aka yi fenti, aka ɗaura fitilu, aka ɗinka sabon rufi baƙi mai naɗewa. Abu ɗaya ya rage, kujeru. Fatarsu ta tsage, ɓeraye sun cinye audugar ciki, sai wani ɗan ɓallin tsohuwar fata da ya tsira a ƙarƙashin kujerar direba, bai wuce tafin hannuna ba. Ja ce mai duhu, sumul, da layin ɗinki biyu miƙaƙƙu. Ba zane, ba ado.

A nan Kaka ya shigo labarin. Malam Ummaru baduku, mahaifin Inna, yana zaune a cikin tsohon gari, kuma a aikin fata sunansa ya kai har ƙetaren iyaka. Gafakar Alƙur'ani, kube, takalma, tumtum na zama, duk abin da ya fito daga zaurensa ana gane shi da ado. Inna ce 'yarsa ta fari, don haka ko sunanta ba ya faɗa, in ta je gida gaisuwa ce kawai daga nesa. Baba kuwa tun daga bakin lungu yake tuɓe takalmi, ya tsuguna can bakin zaure kansa a ƙasa, a gaisa a taƙaice ya tashi. Ban taɓa ganin sun haɗa ido ba, ban taɓa ganin sun ci abinci wuri ɗaya ba. Ba gaba ba ce, kunya ce ta surukuta, kuma a lokacin kunya tana da nauyin da ya fi na dutse. Ni kaɗai ce ba ta shafa ba. Ni jika ce, shi kaka, wato miji da mata na wasa. Da ya hango ni sai ya ce, "Ga matata nan mai raggon tuwo," ni kuma in ce ban son tsoho mai haƙora uku, in laluba aljihunsa in kwashe dabino.

Babu wanda ya roƙi Kaka. Labari ne ya kai masa cewa surukinsa yana neman mai ɗinka kujeru, ya ji haushi a ce za a nemi wani baduku alhali yana raye. Ya aiko almajiransa na sana'a suka ɗauki kujerun a kai suka tafi, kuma Baba bai da bakin cewa a tsaya ya yi bayani. Da suka dawo da su bayan sallar layya, unguwa ta taru. Ban taɓa ganin aikin fata mai kyau irin wannan ba, har yau. Jar fatar akuya ce mai sheƙi, an zagaye ta da kore da rawaya da baƙi, a tsakiyar kowane jingina an fitar da dagi babba, gefe-gefe tuntaye suna lilo. Mata suna ta guɗa. Kaka ya zuba duk abin da ya sani a ciki, kyauta, don girmama mijin 'yarsa. Baba ya dube su, ya ce wa masu kawowa, "Madalla, madalla. Ku ce mishi Allah shi saka da alheri." Da mutane suka watse ya ajiye kujerun a ɗakinsa, ya ja tamfol ya rufe motar.

Daga nan gidanmu ya yi shiru. In ya ɗaura kujerun nan ya hau titi, ya karya rantsuwar da ya yi gaban mutane, kuma motar ba ta koma yadda aka ƙera ta ba. In ya mayar da su, ko ya kai wa wani baduku, ya ci fuskar surukinsa cin da ba ya wankuwa. Inna ma ba ta da bakin magana, don 'yar fari ba ta gyara wa ubanta aiki. Sai Baba ya daina shiga rumfa. Yakan dawo daga gareji ya zauna bisa tabarma yana jan carbi, tuwo ya huce a gabansa. Kaji suka fara gwada komawa ƙarƙashin tamfol, ni nake korarsu. Har na ji wata rana yana ce wa Inna wataƙila haka Allah ya rubuta, ta tsaya a nan.

Wata Asabar Inna tana yi mini kitso a gindin darbejiya, kaina a cinyarta, sai ta ce, kamar maganar ba ta dame ta ba, "Kulu, kwana biyu ba ki tahi kin ga mijinki ba. Kar shi ce kin yi yaji." Da ta gama ta zuba fura a ƙwarya ta rufe da faifai ta ɗora mini a kai. Sai da na yi nisa na sauke don in gyara gammo, na ga ɗan ɓallin tsohuwar fatar nan a soke cikin saƙar faifan. Ba ta ce mini komai ba, ni ma ban koma na tambaye ta ba. Duk tsawon hanya, daga Minanata har cikin lungunan tsohon gari inda warin jimar fata yake tarbar mutum, ina ta juya abin da zan ce.

Na same shi a zaure, ƙafa a miƙe, yana yanka fata bisa katako, almajiransa suna kewaye. Ya ce, "A'a, yau amarya ta tuna da ni? Ko kin ji labarin na yi sabuwa?"

Na dire furar na ce, "Wa za ta aure ka? Ni ma zuwa na yi ka ba ni takardata."

"Subhanallahi! Mi ni yi?"

"An ce mini kai ne babban baduku, ashe ɗinki miƙaƙƙe ma ba ka iya ba. Shi ya sa kake rufe shi da kore da rawaya, don kar a ga inda ya karkace." Na ciro ɓallin fatar na ajiye bisa katakonsa. "Ga aikin maza nan. Ba dagi, ba tuntu. In ka isa ka yi irinsa."

Wani almajiri da ke riƙe da basilla ya tsaya da ita a sama. Wasan jika yana da faɗi, amma ban san ko faɗinsa ya kai nan ba, don ban taɓa jin wani ya taɓa aikin Kaka da baki ba. Murmushin fuskarsa ya tafi. Ya ɗauki ɓallin ya juya shi, ya shinshina, ya ja shi tsakanin yatsu, ya matsa bakin ƙofa inda haske yake ya bi layin ɗinkin da farce. Ni kuwa ina shirin in ya ɗaga murya in ruga har gida.

Bai ko kalle ni ba. Ya ce, "Daga jikin motar wagga ta hito?" Na ce e. Ya ce, "Haka kujerun suke tun asali?" Na ce e. Na ga ya gane komai, har da wanda ya kasa faɗa da wadda ta soke fatar a faifai. Sannan ya yi tsaki ya ce, "Wagga ba hwatar akuya ba ta, ta maraƙi ta. Kuma keke ad da ɗinkin ga, ba hannu ba. Keke! Da keke za ki yi mini gori, ke da ba ki iya dama hura ba?" Almajirai suka saki dariyar da suka riƙe. Ya nuna ni da aska ya ce, "Ba ni sakinki. Tahi ki ce a aiko mini kujeruna, na ga wani wuri da ban gama ba."

Haka aka faɗa wa unguwa, cewa Malam Ummaru ya ga wurin da bai gama ba. Da na kai saƙon, Baba ya dube ni, ya dubi Inna, Inna ta ci gaba da tsince shinkafarta. Washegari ya sa babbar riga ya tafi gaida surukinsa, ni ina biye. Ya tsuguna inda ya saba, aka gaisa, aka tambayi gida da aiki da zafi. Ba wanda ya ambaci mota. Sai da zai tashi Kaka ya juyo wurina, alhali Baba yana nan tsugune, ya ce, "Ke, ki gaya ma mai motar, in an kai mishi launi shi duba da kyau, kar shi ji kunyar hwata."

Nan aikina na gaske ya fara. Kaka ya sa aka nemo fatun maruƙa daga mahauta, ya tsaya kan majema da kansa, aka jiƙa, aka kankare gashi, aka tsuma su cikin bagaruwa, aka yi ta bugu da murza da man gyaɗa har suka yi laushi kamar ƙyalle. Launi ne ya ba da wuya. Karan dafi yana ba da ja mai haske, irin wanda Sakkwato ta saba, ita kuwa 'Yar Italiya nata mai duhu ne. Kaka yakan rina ɗan yanki ya ba ni in kai. Matsalar ita ce Baba ba zai taɓa cewa aikin surukinsa bai yi ba. Duk wanda na kai sai ya ce madalla. Sai na koyi karanta shi. In ya ce madalla da sauri ya miƙo mini, bai yi ba. In ya ce madalla ya ɗan riƙe, an kusa. Sai in koma in ce wa Kaka, "Miji, wannan jan na 'yan tallan goro ne, ƙara duhu," shi kuma ya ce Allah ya haɗa shi da mata mai baƙin baki. Na yi ta zirga-zirga bayan makaranta har silifas ɗina ya tsinke aka ɗaure shi da waya. Ran nan na kai wani yanki, Baba ya ɗora shi kusa da tsohon ɓallin, ya yi ta shafa su da babban yatsa, bai ce komai ba. Na gane an dace, na juya da gudu ban ko sha ruwa ba.

Ɗinkin kuwa Kaka bai bar kowa ya taɓa ba. Ya ƙi keke, ya ce shi da keke za a ga wanda ya fi. Yakan zauna da hantsi lokacin da haske ya fi kyau, ya ja layi da zare mai alli, ya huda, ya soka, ya ja, kowane taki daidai da ɗan'uwansa. In ɗaya ya kauce da ƙwayar gero sai ya warware layin duka. Wata rana ina zaune ina riƙe masa bakin fata ya ce, ba da wasa ba, "Tun ina yaro nika ado, ban san ɗinki tsirara ya hi wuya ba. Nan babu inda mutum za shi ɓoye." Fatun adon da ya cire kuwa ya mai da su tumtum biyu, ya ce na kayan ɗakina ne in na samu wanda zai iya da ni.

Ranar da aka ɗaura kujerun Juma'a ce, bayan an sauko daga masallaci. Baba ya ɗaure kusa ta ƙarshe, ya naɗe rufin baya, aka turo 'Yar Italiya daga rumfa zuwa hasken rana. Ja a waje, ja mai duhu a ciki, layukan ɗinki sun miƙe kamar kunyoyin gonar da gwani ya yi wa huɗa. Ƙanshin sabuwar fata da fetur ya cika layin. Kaka da kansa ya zo, abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya nesa kaɗan da sandarsa wai shi wucewa yake. Baba ya buɗe ƙofar hagu inda sitiyari yake, sannan ya zagaya ya buɗe ɗayar, ya tsaya kansa a ƙasa. Kowa ya ga matsalar. Kujeru biyu ne, kafaɗa da kafaɗa, kuma mutanen nan biyu ko tabarma ɗaya ba su taɓa haɗawa ba. Kaka ya dubi kujerar, ya dubi sama, sannan ya ce, "Ina matata? Zo ki zauna tsakani, kar a sace ki." Aka cusa ni tsakiya, rabi bisa cinyarsa, gwiwata tana gugar giya.

Muka fita a hankali, yara suna bin mu da gudu har suka gaji. Da muka hau Sama Road masu shaguna suka fito bakin ƙofa, masu sababbin motoci suna rage gudu suna leƙowa, makanikan garejin Baba suka yi ta buga sifana a jikin ƙarfe. Wani soja a shingen hanya ya ɗaga mana hannu, na ɗauka kama mu zai yi, ashe so yake ya zagaya ta ya gani, ya shafa kujera ya tambaya ko daga Turai aka kawo su. Kaka ya kau da kai kamar bai ji ba, amma na ji ƙirjinsa ya kumbura a bayana. Da muka bar gidaje hanya ta miƙe, gonakin gero suna ta wucewa dama da hagu, Baba yana tuƙi a natse saboda wanda ya ɗauko. Iska ta fizge ɗankwalina na cafke shi da haƙori. Sai na ji Kaka ya gyara zama, ya dafe hularsa da hannu ɗaya, ya leƙa ta gabana ya dubi Baba ido cikin ido, ya ce da ƙarfi, "Kai, wanga shi na gudun nata? Taka ta mu gani!"

Baba ya taka ta. Gurnanin nan ya buɗe ya zama waƙa, itatuwa suka haɗe suka zama kore ɗaya, ni ina ihu, tsoho yana dariya har da hawaye, Baba ma yana dariya, a gaban surukinsa, baki buɗe. Ban san iyakar inda muka kai ba. Na dai san da muka dawo rana ta yi ja, Inna tana tsaye a bakin zaure da lulluɓi, ta dube mu mu uku da gashin gira cike da ƙura, ta rufe baki da gefen mayafi ta koma ciki. Kafin Kaka ya tafi ya ce mini in gaya wa mai motar ya riƙa shafa wa fatar mai duk shiga bazara, in ba haka ba zafin Sakkwato zai cinye ta. Da Baba ya ce zai mai da shi gida a motar, sai ya ce a'a, ƙafarsa ta fi masa, ya kama hanya da sandarsa.

Yanzu in na bi ta Sama Road ba na gane inda garejin yake, shagunan waya da na kayan sanyi sun cinye wurin. Motoci sun yi yawa har ba a kallonsu, duk kamarsu ɗaya, in abu ya lalace a ciro shi a jefar a sa wani. Surukai suna zama kujera ɗaya suna kallon ƙwallo, suna musu da murya sama, kuma ban ce hakan laifi ba ne, sai dai yara sun rasa wani aiki da mu muka yi, na ɗaukar maganar da manya ba su iya ɗauka. Kaka ya rasu ina makarantar horon malamai, Baba ya bi shi bayan shekaru masu yawa, kuma da aka zo rabon gado wani mutum daga kudu ya zo da babbar mota ya ɗauki 'Yar Italiya, aka ce daga can ma jirgin ruwa ta hau. Wataƙila ta koma ƙasarsu. Wani lokaci in zafi ya fara sauka nakan zauna in yi tunanin wani baƙo can wata duniya, yana jingine da ɗinkin Malam Ummaru, yana tsammanin keke ne ya yi shi. Ina fata dai yana shafa mata mai.